Albasar da Ruwa Ya Ci a Rafin Kanya

Har gobe ban manta da ranar da na shiga Rafin Kanya na tarar ruwa yana ta kwarara cikin gonar albasa, garin kuwa babu ko mutum ɗaya da zai rufe shi ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya kuna yawan tambayata me ya sa ba na ɗokin tafiya kwas ƙasar waje kamar kowa. To, ku gyara zama ku ji.

A lokacin ina malamin gona mai kula da shiyya a sashen noman rani. Ma'anar wannan muƙami ita ce akwai ƙauyuka a hannuna tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ni ke zagaya su a kan babur, in duba iri da taki da ruwa, in dawo in gaya wa shugaban sashe abin da na gani. Shugabanmu a lokacin Alhaji Lawal ne, mutum mai haƙuri, ya kusa ritaya. Shi ne ya saka sunana cikin waɗanda za a tura Vietnam su ga yadda ake ban-ruwa a can. Da na ji, sai na ce masa, "Ranka ya daɗe, ai ƙasar shinkafa ce da ruwan sama. Me ɗan Katsina zai koyo a wurin masu neman yadda za su rabu da ruwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Je ka gani tukuna."

Lardin da aka kai mu sunansa Ninh Thuan, a bakin teku yake. Na ji an ce daga baya an haɗe shi da maƙwabcinsa, amma a lokacin yana zaman kansa. Teku na gabas, duwatsu sun kewaye shi ta sauran ɓangarorin, su ke tare hadari, shi ya sa ya fi ko'ina ƙarancin ruwan sama a ƙasar. Da motarmu ta sauka daga babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa, na leƙa taga na ga rairayi da ƙaya da tumaki suna kiwo a gindin dutse, sai na ce wa na kusa da ni, "Kai, ko dai direban nan Kurfi ya dawo da mu?" Har masallatai akwai, don wata ƙabila ce a can mai Musulmi a cikinta, mun ma yi sallah tare da su.

Amma kamar ta tsaya nan. A bakin teku mun ga gonakin gishiri, inda ake tare ruwan teku a fili rana ta shanye shi, mata su tattara gishirin da manjagara. Mun ga wuraren ƙyanƙyasar jatan lande da ake kaiwa sauran larduna, da jiragen kamun kifi cike da mashigar ruwa. Layin dogo ya bi gefen babbar hanyar. Iskar da ke busar musu da ƙasa sun kafa mata manyan fankoki tana ba su lantarki, ranar da ke ƙona su sun shimfiɗa mata sola. A cikin wannan rairayi kuma suke noman inabi da albasa da tafarnuwa.

Wanda ya zagaya da mu wani injiniya ne mai suna Hung, ɗan gajere, ba ya gajiya da tafiya. Ta bakin tafinta ya nuna mana yadda suke tare ɗan ruwan da ya sauko daga duwatsu a madatsai, su sa shi cikin bututu maimakon buɗaɗɗiyar kwata, don kada rana da rairayi su sha rabinsa a hanya. A kowane gungun gonaki akwai manomi ɗaya da 'yan uwansa suka zaɓa, shi ke buɗe ruwa ya rufe, yau na wane, gobe na wane. Na ga wata tsohuwa ita kaɗai a ɗan ɗakin da ta yi a tsakiyar gonarta, nesa da gari, nan take kwana. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Bututun kawai nake kallo.

Na dawo gida cike da zumuɗi. Rafin Kanya ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Kurfi, yana da tsohuwar madatsa ta ƙasa a samansa, gonaki kuma a gangare, wato ruwa zai sauko da kansa ba sai an sa inji ba. Na kai wa Alhaji Lawal shawarar. Ƙa'idar ofis ita ce sai shawara ta bi ta hannun shugaban sashe, ta hau sama, a amince, sannan a fitar da kaya daga sito. Ya bi mini ita da ƙafarsa har aka ba mu bututu da bawul ɗaya babba, wato makunnin da ake murɗawa a buɗe ruwa ko a rufe. Haƙa kuwa aka ce sai dai mutanen gari su yi.

Na tara su a gindin kanyar da garin ya ci sunanta, na nuna musu hotuna a wayata. Wani dattijo, Malam Haruna, ya daɗe yana duba hoton albasar nan a cikin rairayi, sannan ya ce, "Malam, wanga ƙasa tasu ai ta fi tamu mutuwa. In dai su sun ci abinci cikinta, mu mi zai hana mu?"

Shi ya kira gayya. Maza suka yi haƙa, mata suka kawo fura da ɗanwake. Har Fulanin da ke zaune bayan madatsar suka zo da magirbi, don mun yi alkawarin za a fitar musu da kwamin shayar da shanu a ƙarshen bututun, kada dabba ta ratsa gona. Da aka gama, gari ya zaɓi Malam Haruna ya zama sarkin rafi, bawul ya koma hannunsa. A ranin nan samarin da suka saba tafiya ci-rani kudu da yawansu ba su tafi ba. Aka yi dashe, albasa ta kama, ta yi kore shar. Na ɗauki hoto na aika wa Hung, ya maido mini da hoton babban yatsa a ɗage.

Albasa ta fara kai, ana maganar a rage mata ruwa don ta ƙosa, sai wata safiya aka kira ni aka ce 'yan bindiga sun shiga Rafin Kanya jiya bayan la'asar. Dama ana jin labarinsu a ƙauyukan yamma da mu, amma kowa yana cewa ba za su iso nan ba. Na nemi in tafi nan take, Alhaji Lawal ya hana. Ya ce, "An dakatar da fita daji sai jami'an tsaro sun ba da izini. In wani abu ya same ka, me zan gaya wa iyalinka?" Gaskiyarsa ce. Na zauna a ofis kwana da kwanaki ina kallon bango.

Mutanen garin sun gudo Kurfi, an sauke su a wata makarantar firamare. Can na je na sami Inna Rabi, matar Malam Haruna, zaune a barandar aji da ƙullin kayanta. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata jaje, na tambayi Malam.

Ta ce, "Sun tafi da shi, ɗan nan. Ya je ya buɗe ma gonar su Sani ruwa, ranar tasu ce. Yana wajen bawul suka zo bisa babura. Kowa ya yi ta kanshi."

Na ce, "Inna, ruwan fa? An rufe?"

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ta ce, "Wa zai tsaya rufe ruwa?"

Kunya ta kama ni da na yi tambayar, amma ita ce ta hana ni sukuni. Da aka samu motar sintiri za ta bi ta wajen, na roƙi shugabansu ya ɗauke ni. Ya ce ba za su daɗe ba, in na tsaya ɓata lokaci za su bar ni.

Garin shiru, ƙofofi a buɗe, an ƙone rumbuna. Tun daga nesa na ji wari. Gonar ta zama tafki. Fangali ya rushe, ganyen albasa ya kwanta ya yi ruwan ɗorawa, na sa hannu na ciro ɗaya ta narke a tafina. Ruwan ya cika gonakin ya bi hanya ya gangara rafi, madatsar da za ta kai su ƙarshen rani ta ja baya har laka ta fito. Takalmin Malam Haruna ƙafa ɗaya yana nan cikin taɓo kusa da bawul. Na kama bawul ɗin na murɗa, bai yi gardama ba ko kaɗan, yaro ma zai iya. Ruwan ya tsaya. Na tsaya riƙe da ƙarfen nan har wani ɗan sanda ya daka mini tsawa daga mota.

Na shekara ashirin da wani abu ina yaƙi da ƙishin ƙasa. Ban taɓa zaton zan ga amfanin gona ya mutu da yawan ruwa a ƙasar Kurfi, tsakiyar rani ba.

Malam Haruna bai dawo ba. Wani da ya kuɓuto daga dajin ya ce ciwo ya kama shi a can, ya rasu, su suka rufe shi. Allah Ya jiƙansa. Mutanen Rafin Kanya suka watse, wasu Dutsin-Ma, wasu Katsina. Samarin da suka fasa ci-rani saboda maganata suka tafi, wannan karon ba su da ranar dawowa. Fulanin ma sun tashi, shanunsu aka fara korewa. Inna Rabi na kan gan ta ranar kasuwa tana tsince wa 'yan sari wake. Bututun kuwa, daga baya wasu suka tone shi.

Hung ya yi ta aiko saƙo yana tambayar hoton girbi. Na rasa da wane baki zan yi masa bayani, na bar saƙon haka har ya gaji ya daina.

Da na kai wa Alhaji Lawal bayanin abin da na gani, ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Sama sun ce tsarin ya yi kyau, a nemi wani ƙauye a sake gwadawa."

Na ce, "Wane ƙauye, ranka ya daɗe? Ka nuna mini wanda zan je in ce musu su zauna, in rantse musu za su ga girbi."

Ya cire tabarau ya goge ido.

Abin da wannan ya koya mini ke nan, kuma ba mai daɗi ba ne. Duk abin da na gani a lardin nan na bakin teku, madatsa da bututu da hanya da lantarki, mu ma za mu iya shi, manomanmu ba su gaza nasu a ƙwazo ba, na gani da idona. Amma duk kayan nan a kan abu ɗaya suke tsaye: manomi ya buɗe ruwa da la'asar yana da tabbacin shi zai dawo ya rufe. Shi ne abin da tsohuwar nan mai kwana ita kaɗai a gonarta take da shi. Wannan ba a fitar da shi daga sito, ba a koyo shi a kwas. Ku je Vietnam in an tura ku, za ku ga abin mamaki. Amma in kun dawo da zanen bututunku, kafin ku tara mutane a gindin bishiya ku sa musu rai, ku fara tambaya ko za su kai girbi a garin. Ni har yau ban sami wanda ya amsa mini ba.