Ramin da Baba Tsaya-Tukuna Bai Haƙa Ba

Ana idar da sallar asuba, Baba Tsaya-Tukuna zai ɗauki sandarsa ya gangara bakin kogi. Shekara talatin da ɗaya yana wannan sintiri. Aikinsa nuna wa masu bincike na gidan tarihi inda za su tono ƙasusuwan dabbobin da can, waɗanda suka daɗe a ƙasa har suka koma dutse. Sai ya caka sanda a gaɓa, ya murje ƙasar a tafin hannu, sannan ya ɗaga kai ya ga me ke sama: gona ce, hanya ce, ko gidan wani. Leburori sun ɗaga diga, shi kuwa ya ce, "Tsaya tukuna." Sunan ya bi shi ke nan.

Bana gwiwa ta ce ta gaji. Ya ajiye aiki shiru, ba taro ba tafi.

Mai kwalekwalen da ke ƙetarar da Baba da masu binciken bai manta wata rana ba. Ruwa ya janye, sai ga haƙoran wani ƙaton kada a jikin gaɓa, daidai ƙarƙashin ɗakin wata mai wankau da marayunta huɗu. Shugaban masu bincike ya rugo wurin Baba.

"Baba, irin wannan sau ɗaya ake gani a rayuwa!"

"Yallaɓai, ɗakin baiwar Allahn nan ma ɗaya ne. Muka yanki nan, damina guda kogi zai lashe shi."

"Ai za mu cike ramin."

"Ramukan da na cike sun fi gashin kanka yawa. Ƙasar da aka tasa ba ta komawa barci."

Yallaɓai ya shafa sanƙonsa, ya ce a tona. Baba ya shimfiɗa buhu a wurin ya zauna, kwana uku rana na dukansa, har suka haƙura. Ya yaɓe haƙoran da laka, ya dasa ciyawar jema a kai don ta riƙe ƙasar. Daga nan ba a ƙara ambatonsa in ana ƙarin girma ba.

Har yau matarsa na tsokanarsa: "Malam, kowa na tono arziki, kai kana binnewa." Sai ya matsa gwiwa ya ce, "Kadan ya jira shekara dubbai, ba ya sauri."

Baba, kai ne mai duba sama kafin ka duba ƙasa. Ƙasusuwan da ka nuna suna cikin gilashi da sunayen wasu, naka ko a gefe babu. Ka gaji, mun gani. Sannu, mun gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Ku kuma da kuka gaji aikinsa, kafin ku sara, ku ɗaga kai. In kun rasa dalili, ku je gaɓar nan da hantsi. Ɗakin na tsaye, kuma mai wankau na shanya a kan jemar da Baba ya dasa.