Daɓen Ɗakin Inna

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen bazara, shekarar da nake aji biyar a firamare a Kauran Namoda. Tun da hantsi mata fiye da goma suka cika gidanmu, kowace da madaɓinta, katakon nan mai faɗi da ake bugun ƙasa da shi. An baza tsakuwa da jar ƙasa a sabon ɗakin Inna, mahaifiyata, an yayyafa ruwa, makuba, ɓawon ɗorawar da ake zuba ruwansa don daɓe ya yi ƙarfi, na jiƙe a tulu, ga fura ƙwarya uku a rufe da faifai. Komai ya kammala in ban da mutum ɗaya, Iya Dudu, tsohuwar da ke ba da waƙa a duk daɓen da za a yi a unguwarmu. Ni kuwa ina raɓe a bayan rumbu, domin ni kaɗai na san ba za ta zo ba.

Kwana biyu kafin nan Inna ta ba ni goron gayyata in kai mata. Hanyar gidanta ta bi ta rumfar maƙera, ga shi damina ta matso, ana ta ƙirar fartanya da galma. Ni dai Allah Ya yi ni da kunnen tsiya, ko tulu ne ke ɗiga sai na tsaya na ji yadda yake ɗigar. Babbar guduma ta faɗi sau ɗaya, ƙaramar ta bi ta sau biyu, zugazugi na numfashi a tsakaninsu. Na ce bari in ji kaɗan. Ban farga ba sai da na ji kiran magariba. Na ruga gida da goron ƙulle a bakin zanena, da Inna ta tambaye ni na ce na kai. Washegari na yi niyyar gyara ɓarnata, amma wuni muka yi muna jigilar ruwan daɓe daga rijiya.

Da rana ta fara ɗagawa aka je dubo Iya, aka dawo da labarin ta tafi bikin suna ƙauyen Banga tun asuba. Gwaggo Hajo, yayar babanmu, wadda bakinta ba ya ajiya, ta dubi Inna ta ce, "Wadda anka kai ma goro, mi za ya kai ta Banga?" Tsohon ɗakin Inna ya faɗi a daminar da ta wuce, tun lokacin mu shida muke cunkushe a ɗakin kaka. Ƙasar da aka jiƙa kuwa ba ta jira, in ta sha iska kafin a buge ta, tsattsagewa za ta yi. Kuma da ruwan fari ya sauka kowa zai yi gona, babu mai sake tara maka mata.

Haka suka durƙusa suka fara ba waƙa. Wannan ta buga nan, waccan ta buga can, wani wuri ya kwanta, wani ya tashi. Can aka sauke wa Gwaggo madaɓi a yatsa, ta yi salati ta jefar da nata. Mata biyu suka fara laluben mayafansu. Na leƙa na ga Inna na zagayawa tana ƙara yayyafa ruwa. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan lokacin ba.

A wajenmu abin da mace ta faɗa cikin waƙar daɓe ba a riƙe ta da shi, nan ake amayar da abin da ke ciki. Da wannan na dogara. Na shiga na ɗauki madaɓin Gwaggo, na buga ɗaya da ƙarfi, biyu a hankali, yadda na ji a maƙera. Cikin waƙa na ce, "Goron Iya na bakin zanena, ban kai ba, ban kai ba."

Matan suka dakatar da bugu. Gwaggo ta ce, "Ke Balki, mi kinka ce?" Na kwance ƙullin, ga goro ya yi yaushi. Na kasa ɗaga kai, na ci gaba da bugu ni kaɗai ina maimaitawa, hawaye na sauka a kan ƙasar. Ban san sau nawa na maimaita ba kafin na ji an durƙusa kusa da ni, wata siririyar murya ta amsa, "Ba ta kai ba, ba ta kai ba." Inna ce, wadda tunda nake ban taɓa jin ta yi waƙa ba. Sai Gwaggo ta ce, "Ci gaba, ja'ira, ƙasa na bushewa. Shari'a sai an ƙare."

Na bakin ƙofa suka ɗauki bugun babbar guduma, na ƙurya suka ɗauki na ƙaramar. Da maganar goro ta ƙare na sa akuyarmu mai satar dusa a waƙar, na sa gugan da ya yage, har yatsan Gwaggo ban bari ba. Kafin la'asar muryata ta dishe, aka zuba makuba, daɓe ya kwanta sumul yana ƙyalli. Inna ba ta dake ni ba. Da Iya Dudu ta dawo sai ta tasa ni gaba da sabon goro, ta sa na faɗi laifina da bakina, abin da ya fi mini bulala zafi.

Yanzu siminti da tayil ake yi, mutum ɗaya da mataimakinsa su gama ɗaki ba tare da maƙwabta sun sani ba. Ni kuma ina koyarwa, ina yi wa ɗalibaina waƙoƙi daga ƙarar injin niƙa da keken ɗinki, yara sittin su amsa mini lokaci guda. Inna ta rasu da daɗewa. Duk amshin da aka yi mini tun daga ranar, nata nake saurare in ji a ciki.