Dorina Mai Dariya

Akwai wani dattijo da ke baza tsofaffin littattafai a kan buhu a bakin kasuwar Yelwa, tsakanin masu albasa da masu busasshen kifi, shi ya sa duk littafin da ka saya a wurinsa sai ya kwana biyu yana ƙarnin kifi. Ni malamar firamare ce, kuma ina da ciwon littafi. In na wuce ban tsuguna na jujjuya su ba, sai in ji kamar na manto wani abu a kasuwa. Da 'yata ta fara magana sai na koma zaɓar na yara, masu hotunan dabbobi, waɗanda yaran wasu ƙasashe suka gama yayinsu suka yar. Da Turanci aka rubuta su, amma wannan bai dame mu ba. Ni nake mayar mata da Hausa, inda labarin bai yi mini ba kuma in gyara abina.

Na kwaɗi ne ya fara shiga ranta. Kwaɗi ne irin waɗanda ban taɓa gani ba, ja da shuɗi da rawaya, kamar an yi musu ɗinkin sallah. Na nuna mata namu na bayan randa, na ce danginsu ɗaya, ta kalle shi ta kalli littafi, ta ce ƙarya nake yi. Daga baya dai suka shirya. Damina ɗaya muka yi da 'ya'yan kwaɗi a cikin tsohon bokitin fenti a ƙofar ɗaki, kullum da safe tana leƙawa ta ga ko ƙafa ta fito. Mahaifinta ya ce na mayar masa da gida fadama.

Muna da wasanmu. In buɗe shafi, in ɗora yatsa, in ce, "Mene ne wannan?" Ita kuma ta faɗi sunan da iya ƙarfinta, ni in tafa mata. In ta faɗa a hankali sai in kama kunnena in ce ban ji ba. Ina da dalilina. Ajina cike yake da 'yan mata da suka san amsa sarai, amma sai su cusa baki cikin hijabi su faɗa wa ƙirjinsu, wani ƙaton yaro ya tsinta ya kwaɗa da ƙarfi a yaba masa. Abin yana ƙona mini rai. Na rantse tawa ba za ta zama haka ba, kuma ba ta zama ba. Maƙwabta daga ɗakunansu suke sanin shafin da muke.

Cikin littattafan akwai na dorina. An zana ta ɓulɓul, launin hoda, da 'yan kunnuwa kamar na ɓera, ta wangale baki tana dariya, wani ɗan tsuntsu yana tsaye a kan haƙorinta. Ni na san mece ce dorina. Ba wanda ya tashi a Yauri da ke bukatar littafi ya gaya masa. Mun ji waɗanda ta raba wa jirgi biyu, mun ga waɗanda ta cinye wa gonar shinkafa suna kuka da hawaye. Amma wa zai zaunar da 'yar shekara uku ya ba ta wannan labari? Na bar mata dorinarta tana dariya.

Tana cikin shekara ta huɗu matar ƙanen mijina ta haihu a garin su mijina, wani tsibiri a tsakiyar ruwa, irin da muke ce wa gungu. Mijina ya riga mu tafiya da ragon suna. Ni da yarinyar da yayar mijina muka bi jirgin inji da safiyar ranar. Yaya nake ce mata, 'yata kuma tana ce mata Gwaggo. Mace ce mai ƙashi, a gungun aka haife ta, tana shiga jirgi kamar tana shiga ɗakinta. Ni kuwa ban iya ruwa ba. Babanmu ɗan gari ne, tela, kuma bulala ce tsakaninmu da bakin kogi. Duk lokacin da na shiga jirgi nakan ji tsoro, sai dai ba na nunawa don kada dangin miji su samu abin faɗa.

Jirgin ya cika da mata da ƙullin kaya. A gabana akwai wata tsohuwa rungume da jan zakara ɗaure da ƙafa, gudummawarta ga mai jego. 'Yata na kan cinyata, tana ta kiran sunan duk abin da ta gani. Ta kira balbela, ta kira shirwa, matan suna dariya suna cewa ɗiyar Malama rediyo ce.

An sha ruwa a shekarar, kogi ya cika ya shanye ciyayi. Da muka kusa gungun sai hanya ta tsuke, doguwar ciyawa dama da hagu, kainuwa ta rufe saman ruwa. Mai jirgin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya kashe inji ya ɗaga shi don kada ciyawa ta naɗe farfela, ya ɗauki gora ya fara turawa. Bayan ƙarar injin nan, shirun ya yi daɗi. Har na fara sakin jiki.

Sai gorar ta tsaya.

Yaya ta damƙi gwiwata, ta kawo bakinta kunnena. "Kak ki motsa," ta ce. "Babba ta, kuma da ɗa."

Mutanen gungu ba su kiran sunanta a kan ruwa, amma ban bukaci fassara ba. Na bi idonta. A gabanmu, nisan da bai wuce daga ƙofar aji zuwa allo ba, kunnuwa biyu ne ke kaɗawa a cikin kainuwa, da idanu biyu, da wani faffaɗan baƙin abu da na ɗauka tudun laka ne. A gefenta ga wasu ƙananan kunnuwan. Leɓɓan mata suna motsi da salati amma ba sauti. Na ji fitsari yana neman kufce mini.

Ban ankara ba 'yata ta miƙe tsaye a kan cinyata.

"Dorina!" ta ƙwala. "Inna, ga dorina!"

Ta faɗa yadda na koya mata, tas, daga ƙasan ciki, har sai da ciyawa ta amsa. Ta juyo tana dubana, fuskarta fal murna, ta fara tafa wa kanta.

Abar nan ta juyo da kanta wajenmu. Ta taso, ruwa na zuba daga bayanta, sai ta buɗe baki. Ban san akwai baki irin wannan a duniya ba. Cikinsa ja, haƙoran kamar taɓare, kuma har inda nake na ji warin. 'Yata ta ƙyalƙyale da dariya, don a ganinta dorina dariya take mata. Na ji ƙirjinta ya cika da iska za ta sake kira.

Na fizgo ta ƙasa, na kifa tafin hannuna a kan bakinta, ɗaya hannun na naɗe ta na manne a ƙirjina. Ta yi ta shure-shure, ta gantsara mini cizo a gindin yatsa, ban saki ba. Zakaran tsohuwa shi ma ya fara kwakwazo, ta cusa shi cikin mayafi ta danne. Mai jirgi ya kafa gora yana tura mu baya a hankali. Gumi na ɗiga daga gemunsa.

Sai dorinar ta nutse. Wannan ya fi komai muni. Lokacin da take sama, mun san inda mutuwa take. Yanzu ruwa ya rufe, kainuwa ta koma ta haɗe, kowa yana kallon katakon da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Na tuna ban iya ruwa ba. Na tuna in jirgin ya kife ba zan ma iya riƙe ta ba, ni zan ja ta ƙasa. Na ƙara matse ta. Wasu kumfa suka taso a gefen jirgin, igiyar ruwa ta girgiza mu, wata mata ta saki ɗan ƙara ta haɗiye sauran. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. A cikin wannan halin na ji yarinyar ta daina shure-shure, har na ce a raina, alhamdulillahi, ta gane.

Can muka ji huci a nesa. Ta ɓullo kusa da ɗanta, tana kallonmu, amma ba ta biyo ba. Mun fito sarari. Mai jirgi ya saki inji cikin ruwa, ya ja igiya, ya ƙara ja, injin ya yi tari ya kama. Mata suka ɓarke da salati da kuka da dariya gaba ɗaya.

Tsohuwar nan ta buɗe mayafinta ta ɗago zakara. Kansa ya yi reto.

"Wayyo ni," ta ce. "Na kashe shi. Baki kaɗai na riƙe hwa, wallahi baki kaɗai."

Na dubi ƙirjina. Hannuna yana nan inda na sa shi. Tafin hannun babba ne, fuskar yaro kuwa ƙarama ce, kuma sai a lokacin na ga ba bakinta kaɗai na rufe ba, har da hanci.

Na cire hannun, kanta ya faɗa baya. Idanunta a rufe rabi, leɓɓanta sun yi duhu. Na kira sunanta, na jijjiga ta, ba ta motsa ba. Tsoron da na ji a gaban dorina wasa ne. Na yi wani ihu da ban san ina da shi ba, ina cewa na kashe ta, na kashe 'yata. Yaya ta ƙwace ta daga hannuna, ta kamfato ruwa ta watsa mata a fuska, ta buɗe mata baki ta hura, ta kifa ta a kan gwiwa tana bubbuga bayanta.

"Tashi, ɗiyata," take cewa. "Tashi, kak ki yi muna haka."

Ni ina durƙushe a cikin ruwan ƙasan jirgi, na riƙe ƙafarta ɗaya, ina roƙon Allah ya ɗauki raina ya bar nata. Sai ƙafar ta motsa. Ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta amayar da kokon da ta sha da safe. Ta buɗe ido.

Amma ba ta yi kuka ba. Ba ta ce komai ba. Na miƙa hannu in karɓe ta, ta juya ta cusa fuskarta a wuyan Gwaggonta.

Haka muka zagaya ta wata mashiga muka isa gungun. Gidan suna ya cika, ana tuƙa tuwo, ana guɗa, labarinmu kuma ya riga ya zaga gari kafin mu gama sauke kaya. Ni ba na jin komai. Ina bin Yaya a baya kamar tunkiya, ina leƙen fuskar yarinyar. Na nuna mata akuya na ce mene ne wannan, ta kalle ni da ido kawai. Na nuna mata agwagwa, shiru. Yarinyar da ba ta rufe baki ko a barci. Na san abin da rashin numfashi ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro, na ga irin yaran a makaranta, waɗanda ake zaunarwa a ƙarshen aji. An ajiye mini tuwo ya huce a gabana. Mijina ya zo ya ce in kwantar da hankalina, firgita ce kawai, na ce ya rabu da ni.

Wajen azahar shatin yatsuna ya fito ɓaro-ɓaro a kumatunta. Surukata ta karɓe ta daga hannun Yaya, ta zaunar da ita a cinya, ta juya fuskarta wajen haske. Tsohuwar ta san duk abin da ya faru, amma ta ɓata rai kamar da gaske.

"Ke ƙawata," ta ce, "wa yay yi maki wagga aika-aika? Hwaɗa mani in ci mutuncinai."

Yarinyar ta dubi kakarta, ta dubi ɗakin, har idonta ya sauka a kaina. Ta ɗaga yatsa. Muryar ta fito a dishe, amma ta fito.

"Inna ce. Ta matse ni, kuma ban yi komai ba."

Daga nan ta ɓare baki da kuka, irin nata na gaske mai tada unguwa. Na zube a ƙasa a gaban dangin mijina duka, ina kuka ina dariya, ina cewa, "Ƙwarai, ni ce. Faɗa musu. Ƙara faɗa musu."