Hanyar Gidan Kawu

Ni mutum ce mai son a ce na fi kowa iya abu, kuma halin nan ne ya ja mini. A ofishinmu akwai mu 'yan kaɗan da muke gyara taswirar intanet ɗin nan da kowa ke iya sa hannu a cikinta, wadda direbobi ke bi a waya. Ba biyanmu ake yi ba. Ranar Asabar sai in zauna a falona a Badarawa in yi ta zana tituna har shinkafa ta kama a tukunya.

Wata rana na ga wani ya zana tolget ɗin da ke wajen gari, inda motoci ke biyan kuɗin hanya, da layi ɗaya tak, kamar igiyar shanya. Raina ya ɓaci. Ƙa'idar ita ce duk layin da aka raba da kankare a zana shi daban, a sa masa ɗakin mai karɓar kuɗi, a nuna ko na manyan motoci ne ko na ƙanana, a yi masa alamar ana biya. Na tuƙa mota takanas na je na gani da idona, na dawo na yi aikin tsaf.

Da a nan na tsaya da shi ke nan. Amma akwai wata 'yar hanyar ƙasa da ke ratsewa kafin tolget, ta bi ta ƙauyen da kawuna yake, ta sake faɗawa kwalta a gaba. Kawu tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Da ya yi ritaya ya sayar da gidansa na Rafin Guza saboda hayaniya da hawan jini, ya koma can don ya samu barci. Don kada a ce na bar wani abu, na zana hanyar, na haɗe bakinta biyu da babban titi, na sa ta a matsayin ta mota, alhali babura da shanu ne ke binta. Ko kaɗan ban tuna cewa direba na iya danna waya ya ce ta kauce masa wurin biyan kuɗi ba.

Da na kai masa ziyara bayan damina, motocin haya ne da na itace suke bin juna ta jikin katangarsa, suna hon. Wata ta riga ta fasa dakalin da yake zama. Kawu ya rame, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "'Yata, ke da kika san harkar nan, direbobi sun ce waya ce ke turo su. Wane marar tsoron Allah ne ya sa mu a ciki?"

Na ce, "Kawu, zan duba." Na kasa haɗa ido da shi, kuma na ji kunyar kaina ƙwarai.

A ranar na gyara, na mayar da ita hanyar babur. Na buga masa waya na ce an cire. Ya yi ta murna, har a masallaci ya ba da labarina.

Da wata ya zagayo na koma, motoci na nan yadda na bar su. Na tare wani direba na ce, "Malam, waya ce ta biyo da kai nan?"

Ya yi dariya. "Hajiya, wace waya? Ai yanzu kowa ya san hanyar."

Kawu na zaune a zaure da auduga a kunnuwansa, yana ta sa mini albarka saboda ƙoƙarin da na yi masa.