Katin Lawali

Wallahi wannan abu da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, wanda kuma ya ce zafin rana ne ya taɓa mini kai ba zan yi musu da shi ba. Shekarun baya ina da ɗan shago a Gummi, ina gyaran waya da haɗa sola, sai masu noman rani suka matsa mini lamba in yi musu abin da zai riƙa kunna injin ban ruwa yana kashewa da kansa. Na sa aka kawo mini irin 'yar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, ina ta ɗaga kafaɗa wai ni injiniya.

To manhajar da nake so ba a samunta a shirye, sai dai ka ɗauko rubutunta ka sa na'urar ta harhaɗa da kanta, ita kuwa memorinta bai taka kara ya karya ba. Sai ta yi nisa, ina murna, sai ta ƙame, can sai ta kashe aikin ta rubuto cewa wuri ya ƙare. Maganin abin shi ne suwap, wato ka ware mata wani yanki a jikin katin memori irin na waya ta riƙa juye abin da ya yi mata yawa, kamar mai shagon da ke ajiyar kaya a zauren maƙwabci. Amma juye-juyen nan na cinye kati, shi ya sa mu masu aikin muke rowarsa, ɗan kaɗan muke warewa, kuma a kan tsohon katin da ba a jin asararsa.

Ina da irin wannan kati. Na Lawali ne, wani mutumin Adabka da ke aikin wankin zinari wajen Anka. Wayarsa ta faɗa ruwa ya kawo mini gyara, ya ce zai karɓa in ya dawo daga gida, ya hau mashin ya kama hanyar Bukkuyum, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyarsa, Inna Hajo, ba ta fashin zuwa shagona ranar kasuwa, don ni ne na ƙarshe da aka san ya yi magana da shi. Wayar ta mutu, katin da ke cikinta kuma a gaban Inna na gwada shi a kwamfutoci daban-daban, babu komai a ciki. Ita da kanta ta ce in riƙe, ba ta san abin da za ta yi da shi ba.

Ranar da abin ya faru bayan Azahar ne, gari tsit. Na ware ɗan yanki a katin, na haɗa, na sake kunna aikin. Da ya kai inda ya saba maƙalewa sai na ga fitilar katin tana ƙiftawa ba tsayawa, alamar juyewa ta kankama. Akwai wata 'yar lasifika da na maƙala don ta riƙa ƙara in ruwa ya yanke, ban ma haɗa mata manhaja ba tukuna. Ita ce ta fara shuu, sannan na ji numfashin mutum, sannan muryar Lawali, wallahi muryarsa, da 'yar shaƙewar nan tasa, a hankali kamar mai gudun a ji shi.

"Malam, ka hwaɗa ma Inna ta bar wahalar da kanta. Ba ni da nisa. Ina nan wajen…"

Sai shiru. Na dubi allo, rubutun nan ne dai: wuri ya ƙare, an kashe aiki. Memori ya cika, ɗan yankin da na ware ma ya cika. Malam Garba tela da ke jikin shagona ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Wa ad da kai ciki? Awa muryar yaron nan na jiya."

Nan take na ba na'urar katin gaba ɗaya, na sake kunnawa, na kafa kunne a lasifikar har aka kira Magariba. Aikin ya tafi sumul, ya kammala, babu ko tari. Na goge na sake, na rage yankin, na ƙara, na mayar da shi daidai yadda yake da farko, har katin ya gaji ya daina karɓar rubutu. Duk wanda na tambaya cikin masu sanin abin ce mini yake suwap ba ya fitar da sauti, kuma gaskiyarsu. Ni dai abin da ke ci mini rai har yau shi ne kalma ɗaya ta rage, kuma da na ware wurin da yawa tun farko da ta fito.

Na faɗa wa Inna Hajo. Ba ta yi kuka ba, ta dai gyara zama ta ce, "Muryatai ka jiya?" Na ce i. Ta ce, "To shina da rai." Tun daga ranar ta hana a yi masa addu'ar mamaci, ta hana a taɓa gonarsa, ban kuma sani ba ko alheri na yi mata ko na ɗaure ta ne.

Shawarata gare ku, in kati ko waya ta mutumin da ya ɓata ta zo hannunku, ku naɗe ku ajiye, ko da kwamfuta ta ce babu komai a ciki. In kuwa har kun saka, kada ku yi rowar wuri. Inna Hajo yanzu ba ta iya hawan mashin, sai dai ta aiko, kuma saƙon bai taɓa canzawa ba: wai ko ya ƙarasa maganar?