Dutsen Niƙan Yadagiri

Ranar Litinin, 4 ga Yuni, 1984, na fara ganin Yadagiri, kukun ofishinmu a Haidarabad. Na shiga ƙirga kayan kicin, na tarar da shi gurfane gaban dutsen niƙa yana tsinkar na'a-na'a. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Fara rubuta dutsen, akawu, ya girme ka."

A wurin Yadagiri wuƙa ba ta taɓa na'a-na'a. Da farce yake tsinkar ganyen, ya haɗa da ɗanyen barkono da gishiri, ya matsa lemon tsami, ya yi ta niƙa a hankali kamar mai lallashin jariri. Wannan haɗin shi ne catninsa, wanda muke dangwala samosa a ciki, yakan yini kore shar. Dutsen kuwa gadon uwarsa ne.

Bayan shekara tara aka kawo sabon manaja, Sitaramayya, ya sayo injin niƙa.

"Tsoho, a jefar da dutsen nan, ko ka bi shi."

"Yallaɓai, inji yana zafi, zafi yana ƙona ganye."

"Ni za ka koya wa inji?"

 Yadagiri ya sami ƙarti biyu suka kinkimi dutsen zuwa ɗakin ajiye takardu, suka ɗora a kan tsofaffin fayiloli. Aka shigar da shi rajista: abin danne takarda, guda ɗaya.

Bayan kwana biyu babban baƙo zai zo daga Delhi, wanda labarin catnin ya riga ya kai masa. Da ranar ta zo, manaja ya naɗe hannun riga, ya danna injin da kansa, ya bar shi yana ruri minti biyar cur. Da aka buɗe, sai ga abu baƙi-baƙi kamar laka. Ya ɗanɗana, ya yamutse fuska. Saura rabin awa baƙo ya iso.

"Anna," in ji shi, wato yaya, "ina dutsen?"

"Anna kuma? Shekaranjiya tsoho ne sunana. Ai ka ce a jefar."

"Haba Anna, don Allah."

"To, sai dai akawu ya duba rajista."

Babu lokacin ɗauko dutsen, don haka a can cikin fayilolin ya yi niƙan, manaja na tsugune yana tsinkar ganye.

"Da farce, Yallaɓai! Ban da kara!"

Baƙon ya ci samosa shida, ya sa aka ƙulle masa sauran catnin. Washegari dutse ya koma kicin, injin ya gaje shi wajen danne takardu. Fayilolin 1993 har yau suna ƙanshin na'a-na'a.

Yadagiri ya yi ritaya a ƙarshen Maris, 2002, ya tafi da dutsensa ƙauyensu kusa da Warangal. A can ya rasu ranar 19 ga Agusta, 2011. Dutsen yana hannun 'yarsa Sarojini.