Injin da Muka Ɗauko a Gashuwa

Mun tashi da asuba daga Nguru a akori-kurar kamfaninmu na ruwan leda, ni da direba da bakanike. Maigidanmu ya sayi injin ɗura ruwa daga wani kamfani da ya durƙushe a Gashuwa. Da yake ni ne afareta, wato mai sarrafa inji, aka ce in je in gwada shi.

Hanyar nan sai addu'a. Direba ya kauce wa rami ɗaya, ya faɗa biyu. A Jajimaji muka karya da shayi da ƙosai. Muna dosar Gashuwa sai ga shanyar tattasai ja wur a bakin titi, bakanike ya yi ta atishawa. Bandar kifi kuwa araha kamar kyauta.

Kamfanin tsit. Mutum ɗaya muka tarar, wani dattijo, afaretan injin. Ya goge shi fes, ya sa masa mai, alhali ya san rabuwa za su yi. Yatsunsa duk tabon ƙuna irin nawa, don ƙarfen da ke liƙe leda bai san sabo ba. Ya tada janareto muka gwada, ledoji suka riƙa faɗowa lafiya lau.

Ya ce, "Ɗana, in ya yi zafi yana cin bakin leda. Kada ka doke shi, ka bar shi ya huta."

Na ce, "Kai fa, Baba, ina ka nufa?"

"Fadama. Surukina ya ara mini gona. Sai dai rabona da fartanya tun ina saurayi."

Ya yi dariya, ni na kasa.

Ya sa aka kawo mana shinkafa da miyar kifi daga gidansa, ya taya mu kwance injin, ya ɗaure shi da hannunsa. Mota ta tashi ke nan ya biyo mu da sassarfa, ya miƙo mini wata ƙaramar sufana. "Ita kaɗai ke shiga notin ƙasa."

Mun iso Nguru gab da magariba. Washegari na roƙi Maigida ya ɗauki dattijon nan aiki. Ya ce afareta ɗaya ya ishe shi. Na yi ta naci har ya yarda dattijon ya riƙa zuwa watannin zafi, lokacin da ruwa ke kasuwa. Aikin ba yawa, amma na aika masa da saƙo, ya ce yana tafe.

Abin da tafiyar ta koya mini: in kamfani ya mutu, inji ba ya rasa mai ɗauka. Mutumin ne ake bari tsaye a bakin ƙofa.